Yadda Ake Ɗaure Kifi Cikin Ruwa Daga Ƙaramin Kwalekwale Ba Tare da An Jawo wa Kai Haɗari Ba

Duk wanda ya shiga ruwa da ƙaramin kwalekwale na mutum ɗaya, ko irin na roba ne da ake kira kayak, ko na katako da kafintocin bakin dam suke haɗawa, matsalar da zai fara fuskanta bayan fatsarsa ta kama ita ce inda zai ajiye abin da ya kama. Kayak na kamun kifi bai cika wuce mita 3 zuwa 4 a tsawo ba, faɗinsa kuma bai kai mita ɗaya ba, ga filafili, ga sandar fatsa, ga gwangwanin tana, ga ƙafafun mai tuƙi. Idan aka jefa kifin a tsakanin ƙafafu, rana za ta lalata shi kafin a kai gaɓa, idan kuma kurungu ne ko tarwaɗa, ƙayarsa za ta iya shiga ƙwauri ko tafin ƙafa a lokacin da mutum ba shi da wurin kaucewa. Wannan ne ya sa masu wannan irin su suke mayar da kifin cikin ruwa a ɗaure, a yi masa ɗaurin talala a gefen jirgi, ya ci gaba da numfashi har a tashi komawa.

Dabarar tana da kyau, amma akwai abu biyu da ya kamata mai karatu ya riƙe tun daga nan. Na farko, igiyar da ta ɗaure kifi a jikin jirginka ta ɗaure jirgin naka kuma a jikin duk abin da ya riƙe kifin, ko kututture ne a ƙarƙashin ruwa, ko tsohon kalli, wato ragar kamun kifi, da mai shi ya bari, ko wata dabba mai yunwa, saboda haka dole ne ɗaurin ya zama wanda hannu ɗaya zai sake shi da fizga ɗaya. Na biyu, igiyar ta kifi mai rai ce kawai, domin da zarar ya mutu, barinsa cikin ruwa mai ɗumi ba ajiya ba ne, saurin ruɓewa yake ƙara masa.

Ruwan da muke da shi a jihar Katsina kusan duk na madatsu ne. Akwai Zobe a ƙasar Dutsin-Ma, wadda aka kammala a 1983 a kan kogin Karaduwa, da ta Jibiya a kan kogin Gada, da Ajiwa da ke shayar da birnin Katsina, sai Sabke da Daberam a ɓangaren Daura. Ruwan madatsa ba shi da gudu irin na babban kogi, amma yana da nasa sharrin, domin wurin da ya mamaye a da gonaki ne da itatuwa, kuma masunta suna shimfiɗa kalli da mamari da gura a kusan kowane lungu da kifi yake taruwa. Wanda yake jan igiya mai kifi a bayansa a irin wannan ruwa yana wucewa ne ta saman abubuwa masu kamawa da idonsa ba ya gani.

Kayan da ake ɗaurin da su

Mafi sauƙi kuma mafi araha ita ce igiyar zarge. Igiya ce mai tsawon mita biyu ko ƙasa da haka, mai kaurin milimita 4 zuwa 6, a bakinta ɗaya akwai basilla ta ƙarfe, a ɗaya bakin kuma akwai ƙawanya. Kifin farko ana huda shi da basillar, a zaro igiyar, a zura basillar ta cikin ƙawanyar a ja, sai shi kifin ya zama maƙari a can ƙarshe, sauran kuma a riƙa zura su suna gangarawa kansa. Ba sai an jira an kawo ta daga ƙasar waje ba. Duk mai walda a Katsina ko Daura zai iya fiƙe guntun ƙarfe mai tsawon taƙi ɗaya, ya daddale gindinsa ya huda, sai dai a roƙe shi ya nemo ƙarfen da ba ya tsatsa, ya kuma goge bakin hudar sosai don kada ta ci igiyar. Wajen zaɓen igiyar kanta, saƙaƙƙiyar nailan ta fi murɗaɗɗiyar igiyar robar nan ta shanya, domin ta fi laushi a bakin kifi kuma ƙullinta ya fi zama, ita kuwa ta robar tana da santsi, tana tasowa saman ruwa, kuma rana tana cinye ƙarfinta har ta riƙa marmashewa. A ƙona bakin igiyar da ashana bayan an yanke ta don kada ta warware. Aibin igiyar zarge guda biyu ne, kuma manya ne. Kifayen suna cunkushewa wuri ɗaya suna sukar juna da ƙaya, sannan duk lokacin da za a ƙara sabon kamu sai an kwance bakin igiyar daga jikin jirgi, wanda a nan ne mutane da yawa suke sakin kamun yini guda ya tafi ƙasan ruwa.

Na biyu ita ce sarƙa mai maƙalai, wato sarƙar ƙarfe da aka jera mata maƙalai masu siffar babban fil mai kulle, kowane kifi da nasa. Tana raba kifaye da juna, kuma ana iya ƙara kifi ba tare da an kwance ta daga jirgi ba. Amma a ƙaramin kwalekwale ban cika yaba ta ba. Tana bugun jikin jirgi tana ƙara, ƙara kuwa tana tafiya nesa cikin ruwa ta kori abin da aka zo nema, tana tsatsa da wuri, kuma maƙalan masu araha suna buɗewa idan babbar tarwaɗa ta murɗa jikinta. Babban abin da ya sa nake gudun ta shi ne wuƙa ba ta yanka sarƙa, saboda haka wanda ya ga dole sai ya yi amfani da ita, to ya haɗa ta da jirgi ta hanyar guntuwar igiya, kada ƙarfen ya maƙalu kai tsaye.

Akwai kuma wadda ake yi da wayar ƙarfe mai rufin roba, maƙalanta suna zamewa sama da ƙasa a jikin wayar. Maƙalan da ba kowa a kansu suna zama a sama kusa da hannu, idan an saka kifi a ɗaya sai a sake shi ya gangara. Wannan ita ce ta fi dacewa da kayak a ganina, kuma mai dabara zai iya kwaikwayon ta da saƙaƙƙiyar igiya a madadin wayar, ya sami abin da ba ya ƙara kuma wuƙa tana yanka shi.

Ga ƙananan kifaye, musamman karfasa, kwando ko jakar raga ta fi kowace igiya, domin bakin karfasa ƙarami ne kuma fatarsa ba ta da ƙwari, huda tana yage shi. Kwandon waya mai naɗewa da ake sayarwa yana da ƙofa mai sifirin a sama, ana jefa kifi ta rufe da kanta. Wanda bai same shi ba, buhun albasa mai manyan idanu zai yi masa aiki, muddin ya saka masa zagayen waya biyu ko lanƙwasassun tsumagu a ciki don ya buɗe, kada ya manne wa kifin a jiki, ya kuma yi masa mazagi a baki. Buhun taki da na siminti ba su dace ba, saboda saƙarsu a matse take ruwa ba ya ratsawa yadda ya kamata, ga kuma ragowar abin da suka ɗauko. Kwando yana jan jirgi baya fiye da igiya, don haka kayan zama wuri ɗaya ne, ba na yawo ba.

Kowanne aka zaɓa, akwai ƙananan abubuwa uku da za a haɗa da shi. A ɗaura galan na lita ɗaya mai murfi, ko wasu 'yan guntayen tsohon silifa, kusa da bakin igiyar na sama, domin idan ta kuɓuce ko an sake ta da gangan a gan ta tana yawo a dawo a ɗauka. A saka majuyi, wato ɗan ƙarfen nan mai juyawa da masu fatsa suke sakawa a zare amma babbansa, don kada kifi mai mirgina ya murɗe igiyar. Sannan a toshe tsinin basillar da guntun silifa ko totuwar masara duk lokacin da ba a huda da ita, musamman idan kayak ɗin irin wanda ake hurawa da iska ne.

Inda ake huda kifin

Abin da aka fi gani shi ne a zura igiya ta ƙarƙashin marfin kunnen kifi a fito da ita ta baki, saboda ya fi sauri kuma ba ya bukatar basilla. Ga kifin da ya riga ya mutu za a kai shi gida a hannu, babu laifi. Ga wanda ake so ya rayu kuwa, wannan kashe shi ne a hankali, domin jan soson nan da ke ƙarƙashin marfin shi ne abin numfashinsa, cike yake da ƙananan jijiyoyin jini, kuma igiyar tana gurza shi tana hana marfin rufewa. Kifi yana numfashi ne ta hanyar ɗibar ruwa da baki, ya rufe bakin, ya tura ruwan ta kan wannan soso ya fita ta bayan marfin, saboda haka duk abin da ya hana baki ko marfi yin aikinsu ya rage masa kwana.

Wurin da ya dace shi ne siririyar fatar da ke bayan ƙashin haɓarsa na ƙasa. A riƙe kifin da jiƙaƙƙen tsumma, a buɗe bakinsa, a soka basillar daga waje ta ƙarƙashin haɓa ta fito cikin baki, ta yadda igiyar za ta zagaye ƙashin haɓar shi kaɗai. Ƙashin yana da ƙwari, jini kaɗan ne yake fita a wurin, kuma kifin yana iya buɗe baki ya rufe. A jiƙa hannu da tsumman kafin a taɓa shi, domin yauƙin jikinsa kariya ce gare shi, busasshen hannu kuma yana kankare shi.

Ba kowane kifi ne yake ɗaukar ɗauri iri ɗaya ba. Tarwaɗa ta fi kowa juriya, saboda tana da wata gaɓa ta musamman a cikin kanta da take shaƙar iskar sarari da ita, shi ya sa take daɗewa a raye cikin jiƙaƙƙen buhu ko ɗan ruwa a roba. Wannan baiwa tata tana nufin kada a nutsar da ita can ƙasa da nauyi, a bar mata sararin da za ta taso ta shaƙi iska, musamman da bazara. Gaiwa ta fi ta tsanani a wannan, domin huhu gare ta, idan aka tsare ta ƙarƙashin ruwa ba ta tasowa za ta mutu, ga cizo mai tsanani, don haka ba kifin igiya ba ce. Kurungu yana da ƙaya uku masu zarto, ɗaya a baya, biyu a gefe, kuma yana iya kafe su su ƙi lanƙwasuwa. Idan aka saka shi a jakar raga zai sarƙafe ta, idan aka jera shi da wasu a igiya zai yi musu rauni, saboda haka a karya tsinin ƙayoyin da filaya tun kafin a cire masa ƙugiya. Ragon ruwa yana zama lafiya a igiya idan an huda shi daidai, amma bai kai tarwaɗa jure ruwa mai zafi ba. Wanda ya ci karo da minjirya kuwa, kada ya riƙe ta da jiƙaƙƙen hannu, kada kuma ya haɗa ta da sarƙa ko waya, domin wutar da babba take saki tana iya kaiwa ɗaruruwan bolt, kuma zaburar da mutum zai yi kaɗai ta isa ta kifar da kayak.

Hukuncin a ajiye ko a saki ana yanke shi ne tun kifi yana kan ƙugiya. Wanda ya yi sa'o'i a igiya sannan aka sake shi don an sami wanda ya fi shi girma, sau da yawa ba ya rayuwa, ko da an ga ya yi iyo ya tafi. A jihohi da dama na Amurka, kifin da aka saka a igiya ana lissafa shi cikin adadin da doka ta yarda mutum ya kama a yini. Mu a nan, ko babu mai ƙidaya, ƙaramin kifi da mai cikin ƙwai a mayar da su nan take, a kuma nemi izinin sarkin ruwa da hukumar da ke kula da madatsar kafin a fara, domin su ne suka san lokacin da aka hana su da wuraren da aka keɓe.

Ɗaurin da ke jikin jirgi

Nan ne rai yake, kuma nan ne aka fi yin sakaci. Kada a taɓa ɗaure igiyar kifi a wuyan hannu, ko a ƙugu, ko a ƙafa, ko a jikin rigar hana nutsewa. Idan jirgi ya kife, mutum yana bukatar hannuwansa da ƙafafunsa duka don ya sake hawa, kuma igiya mai ɗauke da kifaye masu ƙaya tana naɗe ƙafa cikin ƙiftawar ido. Kada kuma a ɗaure ta a can goshin jirgi ko can ƙarshen bayansa inda hannu ba ya kaiwa sai an miƙe, domin miƙewa a kayak ita ce hanyar kifewa mafi sauri. Wurin da ya dace shi ne gefen mazauni, ɗan baya kaɗan da ƙugu, inda filafili ba ya wucewa kuma hannu yana kaiwa ba tare da an waiwaya sosai ba. A zaɓi gefen da ba a jawo kifi ta nan, don kada sabon kamu ya harɗe da tsoho, kuma kada ta haɗu gefe ɗaya da igiyar anga ko ta dutsen da aka jefa don tsayar da jirgi.

Iska ma tana da ta cewa. Da hunturu, idan iskar arewa maso gabas tana kaɗawa, jirgin da aka bari yana tafiya da kansa, kifin kuma yana saura a baya ta ɓangaren da iskar take fitowa. Idan an ɗaure shi a wancan ɓangaren, zai riƙa binka a sarari kana ganinsa. Idan an ɗaure shi a ɗaya ɓangaren, jirgin zai hau kansa, igiyar ta shige ƙarƙashi, kifin ya riƙa gugar cikin jirgi.

Mutane da yawa suna amfani da maƙatar ƙarfe mai ƙofa, irin wadda ake rataye makullai, saboda sauƙin maƙalawa. Abin da ba su lura da shi ba shi ne idan igiya ta ɗaure tamau saboda wani abu ya riƙe ta, ba a iya cire wannan maƙata sai an sassauta, sassautawa kuwa ita ce abin da ba a samu a irin wannan lokaci. Abin da ya fi shi ne ƙulli mai jela. A zagaya igiyar a jikin maɗaurin jirgi, a fara ƙulli kamar yadda aka saba, amma maimakon a zura bakin igiyar gaba ɗaya, sai a ninka shi a zura ninkin, a ja ya kama, a bar jela mai tsawon taƙi a waje. Nauyin kifi ba ya kwance shi, fizgar jelar kuwa tana kwance shi nan da nan. Kada a amince da ƙullin sai an gwada shi a gida. A cika jarka mai lita 20 da ruwa, wanda nauyinsa kilo 20 ke nan, a rataye ta da igiyar a jiƙe, a ga ko hannu ɗaya zai iya fizge jelar, domin siririyar igiya tana cizon kanta idan nauyi ya hau ta. Wasu suna ƙara wani kandagarki, su saka ɗan zagayen zare mai rauni a tsakanin igiyar da jirgin, wanda zai ɗauki nauyin kifi amma ya tsinke idan aka yi masa muguwar fizga. Ni ina goyon bayan wannan, tunda ga galan a jiki da zai nuna inda igiyar ta tsaya. Duk da haka a rataye ƙaramar wuƙa mai kube a gaban rigar hana nutsewa, inda kowane hannu zai kai.

Tsawon da ke cikin ruwa kada ya wuce mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Doguwar igiya tana kai kifi inda kututture da kacalla da jijiyoyin bado suke, tana kuma ba shi damar zagaye zaren fatsa. Kafin a bar wuri zuwa wani, a ɗago kifin a ɗora a jirgi a rufe shi da jiƙaƙƙen buhu, ko da tafiyar ta minti biyar ce. Jan sa a baya yana karkatar da jirgi gefe ɗaya, yana gajiyar da mai tuƙi, yana tura ruwa cikin bakin kifin da ƙarfi har ya kasa numfashi, kuma a lokacin ne ake ratsa mamarin wani, ƙugiyoyi masu yawa su kama igiyar, a shiga rigima da mai shi bayan haɗarin da aka shiga.

Kifi mai fafutuka da jinin da yake fitarwa suna kiran masu ci. A bakin teku kifin shak ne abin tsoro, a jihar Fulorida ta Amurka kuma kadoji, har masu kayak da yawa a can sun bar igiya sun koma jakar ƙanƙara. A ruwanmu guza da kififiya suna iya yagar rabonsu. Game da kada, a tambayi masuntan wurin tun a gaɓa, idan sun ce ana ganin sa, to a bar igiyar a gida, babu wani ƙulli da zai sa wannan ya zama lafiya.

Zafin ruwa da iyakar amfanin igiya

Ruwa mai sanyi ya fi riƙe iskar oksijin. Ruwan daɗi a digiri 20 na ma'aunin Selsiyas yana iya riƙe kimanin miligiram 9 a kowace lita, a digiri 30 kuwa kimanin 7 da rabi kawai, alhali a cikin zafin ne jikin kifi ya fi bukatar iskar, balle wanda ya gama kokawa da fatsa. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Katsina yake haura digiri 40 da rana, saman ruwan madatsa yana ɗumi sosai, musamman a wurare marasa zurfi kusa da gaɓa. Kifin da zai yini a igiya cikin watan Janairu yana iya mutuwa kafin azahar a irin wannan lokaci. Nutsar da shi can ƙasa don neman sanyi ba magani ba ne, domin a lokacin zafi ruwan ƙasan madatsa mai zurfi ba ya gaurayuwa da na sama, iskarsa tana ƙarewa. Abin yi shi ne a fita da asuba, a nemi inuwar jirgin kansa ga kifin, a kuma rage yawan da ake tarawa a igiya ɗaya. A guji tsayawa kusa da injinan ban ruwa na masu lambu, saboda man da yake tsiyaya yana kama jikin kifi har a ji shi a miya.

A riƙa ɗago igiyar ana dubawa a kai a kai. Kifin da ya fara kwanciya a gefe, ko ya juya ciki sama, ko launinsa ya kwashe, ko marfin kunnensa ya daina motsi, lokacinsa ya yi. A cire shi, a ƙarasa shi da duka mai ƙarfi na ɗan kulki a tsakiyar kai, a yanke jan soson don jini ya fita, a cire hanjin idan da hali, a saka shi cikin ƙanƙara. Addini bai wajabta yanka kifi ba, amma barin sa ya daɗe yana wahala ba shi da amfani ga kowa, kuma naman wanda aka ƙarasa da wuri ya fi ƙarfi da daɗi. Saboda haka jaka mai riƙe sanyi ko ƙaramar kula a bayan mazauni tana cikin kayan ɗaurin kifi, ba ƙari ba ce. A ƙasashe masu zafi abin da aka saba ba da shawara shi ne kilo ɗaya na ƙanƙara ga kilo ɗaya na kifi. Daskararren fiya wata ko robobin ruwa da aka daskarar sun wadatar, kuma idan sun narke ga ruwan sha. Wanda ya ga soson ya koma ruwan ƙasa, ido ya dushe ya faɗa ciki, yatsa kuma ya bar gurbi a jikin naman, to kifin ya wuce gyara.

Ɗagowa da komawa gaɓa

Kifi a cikin ruwa kusan ba shi da nauyi, amma da ya fito nauyinsa duka yana hawa gefe ɗaya na jirgi, kuma kilo 8 ko 10 a gefen kayak ba wasa ba ne. A ajiye filafili a kan cinya, a bar kai da ƙirji a saitin tsakiyar jirgi, a jawo igiyar da hannu maimakon a sunkuya a bi ta. A shimfiɗa buhu a kan ƙafafu tukuna saboda ƙaya, sannan a zamo da kifayen ɗaya bayan ɗaya ta kan gefen jirgin, kada a ɗaga su duka sama lokaci guda. Idan hadari ya haɗo da damina, iskar da take zuwa gabansa ba ta ba da lokaci, don haka a ɗago kifin a kama hanyar gaɓa tun ana ganin baƙin gajimare daga gabas, kada a jira ɗigon farko.

Yawan tsoma hannu cikin ruwan madatsa yana da nasa haɗarin, wato cutar tsargiya, wadda ƙwayarta take fitowa daga ƙananan katantanwa a wurare masu ciyawa marasa zurfi ta shiga ta fata. Safar hannu ta roba tana rage wannan, tana kuma kare yatsu daga ƙaya, kuma duk wanda ya ga jini a fitsarinsa ya je asibiti, maganinta sananne ne.

Idan an dawo gida, a wanke igiya da kwando da ruwa mai tsabta da ɗan sabulu, a cire yauƙi da ɓawon da suka maƙale, a shanya a inuwa, domin rana tana cin nailan da roba. A duba wurin da igiya ta haɗu da basilla da wurin da ta haɗu da ƙawanya, nan ne take fara cinyewa, a yanke abin da ya zaizaye a sake ƙullawa. Maƙalan ƙarfe a buɗe kowanne a rufe a ji ko yana kamawa, wanda ya saki a matse shi da filaya, a shafa musu ɗan man gyaɗa maimakon baƙin mai tunda bakin abinci za su shiga. Zaren nan mai rauni da ke tsakanin igiya da jirgi kuwa, a canza shi da sabo kafin kowace fita.